Tarin Auta

Washegarin ranar da aka kwantar da Auta a asibiti, matar tela ta zagaya bayan gida za ta zubar da ruwan wanke-wanke, sai ga ta ta dawo da bokitin a cike tana salati. Tsummokaran da Maman Auta ta toshe tagar ɗakinta da su an zare su an watsar a ƙasa. A bakin tagar ga wani farin gari. A cikin taɓon da ke ƙasa kuma ga sawun takalmin ruwa, zuwa da komawa.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo a tsakiya. Maman Auta wankau take yi, da shi take riƙe kanta da 'yar tun bayan rasuwar mijinta. Ɗakinta ne na ƙurya, gefe ɗaya banɗaki, ɗaya gefen ɗakin Mai Feshi, mutumin da ke yawo da tanki a baya yana kashe wa mutane kyankyasai da kuɗin cizo. Duk gidan shi kaɗai ke da takalmin ruwa. Kuma kowa ya san ba sa ga maciji da Maman Auta: ita tana cewa warin maganinsa ne ya sa wa 'yarta tari, shi yana cewa ruwan wankinta ya hana ƙofarsa bushewa.

Kafin rana ta ɗaga, magana ta gama layin: Mai Feshi ya barbaɗa wa yarinya guba ta taga.

Kawu ne ya fi kowa ɗaga murya. Yayan Maman Auta ne, shi ne kuma wakilin mai gida, bakin Auta aka bi kowa yake kiransa Kawu. Ya iso da ɗan ɗingishinsa na tun hatsarin babur, ya tura Mai Feshi cikin ɗaki, ya danna kwado ta waje.

"Nan za ka zauna har 'yan sanda su zo," in ji shi. "In kuma yarinyar nan ta mutu, ba su za su fara taɓa ka ba."

Samarin layi sun fara taruwa a ƙofar gida, wani har da gora. Tela ne, da yake ya ga jiya, ya ce a dakata a kira Baba Mai Sawu tukuna.

Baba a ƙuruciyarsa shanun sata yake bi, ya bi su daji ya bi su dutse har ya kai ga turken ɓarawo. Tun da aka shafe duniya da siminti aikin ya mutu, sai dai jifa-jifa a kira shi kan akuya ko injin wuta. Ya iso yana dogara sanda, gwiwa na ƙara.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba."

"To me ya hana ku bari in gama karyawa?"

*

Ya hana kowa biyo shi bayan gidan. Ya daɗe a tsugune a gefen taɓon, abin da gwiwarsa ba ta yafe masa ba. Sawun na takalmin Mai Feshi ne, babu ko tantama, har da facin da ke dunduniyar dama. Sai dai dunduniyar tana jan ƙasa kamar ƙafar da ke ciki ba ta cika takalmin ba, kuma ƙafar hagu duk nauyinta a gefen waje yake sauka.

Ya dangwali farin garin, ya shinshina, ya murza a yatsa. Ya dubi bangon da ke ƙasan tagar, ya ga shi ma yana zubar da irin garin nan da kansa, fenti na tashi ɓawo-ɓawo. Ya dafa bangon da tafin hannu. Sanyi ƙalau. Ya matsa ya dafa na Mai Feshi, ya ji shi a bushe, har da ɗumin rana.

Da ya dawo tsakar gida, ya tarar da takalmin a jingine a gindin famfo.

"Nan yake kwana?"

"Kullum," in ji tela. "Ba ya shiga da shi ɗaki, wai saboda magani."

"Wato ko ni in na so sai in zura."

Kawu ya ce, "Baba, wa zai zura takalmin wani? Abu a fili yake."

"A fili yake kam," in ji Baba. "A gindin famfo."

*

Ta jikin ƙofa suka yi magana da Mai Feshi, muryarsa duk ta dushe.

"Baba, wallahi ko kyanwa ban taɓa kashewa ba."

"Kyankyasai fa?"

"Haba Baba, ana maganar rai kana wasa."

"Ai su ma rai ne. Kun yi faɗa da matar nan?"

"Mun yi. Ta ce warin maganina. Na kwashe maganin kaf na kai shagon abokina tun farkon damina, ko kwalba babu a ɗakin nan. Tarin bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa. Na gaya wa Kawu, ya ce ai warin ya riga ya kama bango. Shi ya ce mata ta toshe tagar."

"Shi ya ce?"

"A gabana. Ni kuwa yarinyar nan, in na dawo aiki, ita ke cewa, Mai Feshi ka kashe nawa yau? In ce mata dubu, ta ce ƙarya nake. Ita zan ba guba?"

Baba ya juya zai tafi. Ya dai ce wa tela ya zauna a ƙofar, kada wani mai gora ya ga hanya.

*

Matar tela ba ta jira tambaya ba. Ta jawo masa kujera, ta zauna a kan turmi, ta buɗe baki.

"Ni fa Baba, in ba Mai Feshi ba ne, to mai gyaran rediyon nan ne da ya tashi daga ɗakin kafin Maman Auta ta shiga. Da baƙin rai ya bar gidan nan. Yana ɗaure kaya yana cewa duk wanda ya shiga ɗakin nan bayansa sai ya gani a jikinsa. Ka ji fa! Ba baki ya yi ba?"

"Me ya tashe shi?"

"Oho. Kullum ido jajir, hanci na zuba, yana tari kamar tsohon injin niƙa. Mu har tsokanarsa muke, mu ce ya gyara rediyon ƙirjinsa tukuna. Ya ce ɗakin ne. Kawu ya ce taba ce."

"Yana sha?"

"Ni dai ban taɓa gani ba."

"Yanzu yana ina?"

"Can wajen kasuwa. Na gan shi kwanaki, ya yi ƙiba har da tumbi. Ka ga alamar mai asiri ke nan, ya sauke wa wani ya huta."

Baba ya sosa gemu. "Auta da wa take wasa a gidan nan?"

"Da nawa mana. Na Kawu ai ba sa shiga ɗakin. Uban ya hana, ranar da ƙaramin ya shiga ya yi barci a can sai da ya sha mari. Mu dai mun ce matarsa ce da girman kai, wai 'ya'yanta ba sa zama cikin dattin mutane. Shi kansa in ya zo gaida ƙanwar tasa, daga bakin ƙofa yake tsayawa. Amma fa yana ƙoƙari, kada in ci naman bawan Allah. Shi ya ba ta ɗakin, ya yi mata fenti da hannunsa, har kabad ya ba ta kyauta."

"Allah ya saka masa," in ji Baba, ya miƙe da ƙyar.

*

A asibiti ya tarar da Auta zaune a kan gado tana wasa da murfin kwalba. Jiya, in ji uwar, ƙirjinta kuka yake kamar ana busa usur, haƙarƙari na shiga yana fita, leɓe ya canza launi. Yau ga ta tana neman a ba ta ruwa mai sanyi.

Maman Auta kuwa kamar ita ce marar lafiyar. Ido ja, tana ta murza shi da gefen mayafi.

"Kuka ne?" in ji Baba.

"Har da shi. Amma ya daɗe yana min ƙaiƙayi. Da ciwon kai, kullum da shi nake tashi. In na fita kai wanki sai ya sake ni."

"Ita ma haka?"

"Ita ma. In ta wuni a makaranta lafiya lau. Da ta kwana sai tari. Wannan ce kwanciyarmu ta biyu a nan. Mu zo ta warke, mu koma ya dawo. Ni na gaji, Baba. Na gaji da asibiti, na gaji da wanki, na gaji da mutumin nan da maganinsa."

"A ina kike shanya?"

"A ɗaki. Damina ce, kuma tun da aka sace min babbar rigar wani a igiyar waje na sha wulaƙanci, na ce ba na ƙarawa. Na ɗaura igiya a ciki, in rufe ƙofa, hankalina kwance."

Malamar asibitin da ke duba yarinyar ta zo wucewa, Baba ya gaishe ta ya tambaye ta batun guba.

"Baba, ba mu ga alamar guba ba, na kuma gaya wa uwar," in ji ta. "Hanyar numfashinta ce ke kumbura tana tsukewa, irin na masu asma. Akwai abin da take shaƙa da ke tayar mata da shi. Na tambaya ko ɗakin na da rima ko funfuna, don su kan yi wa yara haka, ta ce min fes yake, sabon fenti ne. Yau da la'asar za mu sallame ta. Amma in abin na nan a gida, za ku sake dawo mana da ita, kuma ba kullum ake isowa a kan lokaci ba."

Baba ya miƙa wa Maman Auta hannu. "'Yata, ba ni makullin. Ke ma ki biyo ni anjima, ki bar ta a nan tukuna."

*

Yana buɗe ƙofar warin ya tare shi, irin na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba, gauraye da sabulu. Igiyoyi sun ratsa ɗakin daga kusurwa zuwa kusurwa, riguna da zannuwa a rataye, har yanzu da laima a jikinsu. Bangon kuwa fari tas, yadda aka faɗa.

Ya zagaya a hankali. A bayan ƙofa ya ɗauki takalmin makarantar Auta na bara, ya ga ya yi gashi kore-kore. Katifar yarinyar na ƙasa, kanta a jikin kabad. Kabad ɗin kuwa ƙato ne, ya rufe kusan duk bangon da ke haɗe da banɗaki. Ya ɗaga gefen katifar, ƙasanta ɗigo-ɗigo baƙi. Maƙogwaronsa ya fara karce shi, ya yi atishawa har sandar ta faɗi.

Tunda sandar ta riga shi ƙasa, sai ya bi ta. Ya kwanta rubda ciki, ya kunna fitilar wayarsa, ya haska ƙarƙashin kabad. Fenti ya taɓa zuba a wurin, ya yi faɗi a kan simintin ya bushe. A tsakiyarsa wani ya taka da ƙafa ba takalmi.

Baba ya daɗe yana kallon sawun nan. Bai yi murna ba. Ya sha gano ɓarawo ya yi murna, amma wannan ya so a ce idonsa ne ya tsufa.

*

Bayan azahar ya sa aka buɗe Mai Feshi, ya tara su a ƙofar ɗakin: tela da matarsa, Mai Feshi, Kawu, da Maman Auta da ta dawo ita kaɗai. Samarin layi na leƙe daga tsakar gida.

"Ku shigo ciki, maganar ba ta waje ba ce."

Kowa ya tuɓe takalmi ya shiga yana kauce wa jiƙaƙƙun riguna. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Daga nan ma ina ji, Baba."

"Ɗakin ƙanwarka ne. Shigo."

Ya sunkuya ya kwance sau-cikinsa, ya shigo, ya raɓe kusa da ƙofa.

"Garin da kuka gani a taga ba guba ba ne," in ji Baba. "Bango ne ya sha ruwa yake zubar da fentinsa. Wanda ya zare tsumman kuma ba zuba wani abu ya zo yi ba, ko hannu bai sa ciki ba. Takalmin na Mai Feshi ne, ƙafar ba tasa ba ce, ta yi masa kaɗan. Tela, kai da Mai Feshi ku jawo min kabad ɗin nan. Ku ɗaure hancinku da wani abu."

Kafin su ma su kama, Kawu ya riga ya kai hannun rigarsa hanci.

Kabad ɗin ya taho yana kuka. Matar tela ta yi baya tana salati. Daga ƙasa har kusan rufi bangon baƙi ƙirin ne, funfuna ta cinye fentin ta fito, wani wurin kamar gashi, wani wurin kore, yana naso. Bayan kabad ɗin ma ya ruɓe, katakon na fita a hannu kamar jiƙaƙƙen kwali. Warin ya cika ɗakin har tela ya fara tari.

Maman Auta ta dubi bangon, ta dubi inda kan katifar 'yarta yake. Tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba.

Baba ya kai kan sandarsa wani wuri da simintin ya fi sabunta, ya ɗan buga, ya rufto. A ciki ga bututun ruwan banɗaki, a fashe, an naɗe shi da robar taya, ruwa na tsatsafowa ta gefe.

"Wannan ita ce gubar. Ita ta kori mai gyaran rediyo. Wani ya ga baƙin nan, ya san bututun ne, ya ɗaure da roba, ya shafe da fenti, ya jingina kabad a kai. Yana cikin aikin fentin ya zube masa." Ya nuna ƙasa da sanda. "Ga shi nan ya sa mana hannu da ƙafa."

Sawun ya fito sarai a cikin busasshen fentin. Ƙafar hagu ce, babu babban yatsa.

Ido dai ya sauka ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a ƙafar Kawu ta hagu, wadda hatsarin babur ya raba da babban yatsa. Ya yi ƙoƙarin ɓoye ta a bayan ta dama, sai ya ga abin ya fi muni, ya bari.

"Yaya," in ji Maman Auta, a hankali.

"Ki tsaya ki ji. Mai gida ya ce in gyara, sai an fasa bangon duka, ga hidima ta yi min yawa a lokacin. Na ce in ɗaure tukuna kafin in samu sarari. Sai ga ki ba wurin zama. In bar ki a titi? Na ɗauka fentin zai kashe shi. Wallahi na ɗauka zai kashe shi."

"Shi ya sa ka hana 'ya'yanka shiga," in ji ta.

Kawu ya kawar da kai gefe.

"Tagar fa?" in ji tela.

"Da aka tafi da ita asibiti na kasa zama," in ji Kawu. "Na ce bari in zare tsumman iska ta shiga kafin su dawo. Bayan gidan taɓo ne, na ga takalmi a famfo na zura. Ban san za a gani ba."

"Da aka gani kuma," in ji Mai Feshi, "sai ka nemo kwado."

"Tsoro ne, ɗan'uwa."

"Ni ba ɗan'uwanka ba ne. Ga 'yar'uwarka nan, ka ga yadda ka yi da ita."

Baba ya juya wajen samarin da ke leƙe. "Mai gora, ka ga abin da za ka daka? To shigo ka daki bango." Suka sulale ɗaya ɗaya.

*

Matar tela ce ta ce Auta ta sauka a ɗakinta har a ga yadda za a yi. Ta faɗa tana kallon ƙasa, don ita ta fara kai maganar guba bakin famfo. Mai Feshi bai jira a ba shi haƙuri ba. Ya je ya rufe kan ruwan banɗakin, ya dawo ya taya tela fitar da katifar da kabad ɗin tsakar gida. Baba ya ce katifar a ƙona ta, bangon kuma a fasa a sauya bututu, a kankare, a bar shi ya bushe, kuma kada ya sake jin an ambaci fenti.

Maman Auta ta shiga tana sauke wankin mutane daga igiya, duk sai ta sake wanke su. Can cikin kayan ta ci karo da rigunan Kawu da na 'ya'yansa, waɗanda take wanke musu kyauta tun ranar da ya ba ta ɗakin. Ta tattara su jiƙe yadda suke, ta fito, ta same shi zaune a gindin famfo da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta ɗora masa su a cinya.

"Ka kai ɗakinka ka shanya, Yaya. Ka rufe taga."

Ta gyara mayafi ta nufi asibiti ɗauko 'yarta.

Baba ya zauna a kan benci a rana yana kakkaɓe farin gari daga gwiwarsa, yana ɗan tari. Tela ya kawo masa ruwa, ya ce, "Baba, sannu. Yau ka yi aiki."

"Shanu sun fi daɗin bi," in ji Baba. "In ka kai ƙarshen sawun, baƙo kake tararwa."

Ya sha ruwan, ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofar gida ya yi kiciɓis da su sun dawo. Auta ta ƙwace hannunta daga na uwar, ta hango mutumin da ke gindin famfo da jiƙaƙƙun kaya a cinya, ta ɗaga murya da iyakar numfashin da asibiti ya maido mata.

"Kawu! Kawu, na warke!"

Kawu bai ɗago ba. Baba ma bai waiwaya ba.